Yadda za ka gano abin da ke kashe kwamfutar gem ɗinka ana tsakiyar wasa

Wata ranar Afrilu da la'asar, irin zafin Garwa da ko fanka iskar murhu take hurowa, ɗan yayata ya sauko daga babur a ƙofar shagona a Yelwa, rungume da akwatin kwamfutarsa kamar wanda ya ɗauko mara lafiya.

"Kawu, ta sake yi. Minti na tamanin, ina cin biyu da ɗaya, sai ɗif! Kafin in ce me, ta tashi da kanta kamar ba ita ba."

Na tambaye shi me aka yi mata zuwa yanzu. Ya ce sau biyu ana goge Windows ana sa sabo a wani shago, kuma duka biyun ya biya. Ban yi mamaki ba. A wajenmu komai ya samu kwamfuta, magani ɗaya ne, a goge a sake. Amma na'urar da ke aiki lafiya lau a YouTube da Facebook, sai an buɗe eFootball ko GTA V ta mutu, da wuya a ce laifin Windows ne. Gem nauyi yake ɗora mata: katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotunan wasa a allo, ya ja wuta da ƙarfi, zafi ya tashi, duk inda ke da rauni a nan yake tsinkewa. Aikinka shi ne ka gano wurin, kuma kada ka sayi komai kafin ka gano shi.

Sharaɗi ɗaya kafin mu fara: abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba.

Mataki na 1: Ka lura da yadda take mutuwa

Mutuwar ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace tana nuna gidanta. Akwai wadda za ta ɗauke ɗif ta zauna a kashe, sai ta huce take yarda ta tashi. Wannan galibi zafi ne. Akwai wadda za ta mutu ta ƙi amsa maɓalli har sai ka kashe makunnin da ke bayan akwati ka sake kunnawa. Wannan akwatin wutarta ne ya kare kansa, wato na'urar da ke karɓar wutar bango tana raba wa kayan ciki, wadda masu gyara a nan suke kira alim. Akwai wadda za ta ƙifta kawai ta sake tashi nan take. Wannan na iya zama wutar gari, ko akwatin wuta, ko RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Akwai kuma wadda allon zai fara daskarewa, sauti ya maƙale yana "drrr", sannan ta tafi; wannan ya fi karkata ga katin hoto da direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi.

Ka lura da agogo ma. Bayan minti nawa da fara wasa? Da rana ne ko da daddare? A daidai lokacin, kwan fitilar ɗakin ya dushe? Firij ya tashi? Mai walda na maƙwabta ya soma aiki?

Mataki na 2: Ka hana Windows ɓoye maka saƙon

Windows na da ɗabi'ar sake tashi da kansa in ya yi karo da babbar matsala, wani lokaci da sauri har ba za ka ga shuɗin allon ba. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga shafin Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke zuwa, to a can sunan wurin Démarrage et récupération, abin da za ka cire wa alama kuwa Redémarrer automatiquement.

Daga nan ka sake danna Windows da R, rubuta eventvwr.msc, shiga Windows Logs, sannan System, ka nemo lokacin da ta mutu. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 41. Yara da yawa suna ganin wannan sai su ruga intanet neman maganinsa, alhali 41 ba cuta ba ce, shaida ce kawai cewa na'urar ta mutu ba tare da sallama ba. Ko kai ka zare filogi da hannunka ita za ka gani. Abin amfani yana cikin shafin Details, a layin BugcheckCode. In sifili ne, Windows bai ma san abin da ya same shi ba, an yanke masa wuta ne kwatsam, sai ka fuskanci wuta da zafi. In akwai lamba, to shuɗin allo aka yi: 278 na nuna katin hoto ko direbansa, 26 na nuna RAM, 292 kuma galibi furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke kuka da kanta, ko dai zafi, ko wuta, ko an matsa mata gudu fiye da ƙima.

Ta ɗan yayata sifili ce, duka sau goma sha ɗaya da muka ƙirga a mako biyu. Na nuna masa na ce, "Ka ga kuɗin gogewar nan, sadaka ka yi."

Mataki na 3: Wutar bango

A nan zan daɗe, domin shawarwarin da ake rubutawa a Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kansa ba, su wutarsu a tsaye take. Mu kuwa a arewa, tun daga Ngaundare har Marwa, babban abin dogaronmu madatsar Lagdo ce a kan kogin Binuwai, kuma da rani ruwa ke ja baya a daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firij. Wutar da ya kamata ta zama volt 220 sai ta riƙa hawa da sauka. 'Yan'uwanmu na Kusiri da Injamena sun san wannan karatun, su ma da janareta da sola ake rufin asiri.

Akwatin wutar kwamfuta yana iya jure yankewar wuta na ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba. Ya wuce haka, ta tafi. Ƙiftawar da idonka da kyar zai kama a fitila ta isa. Kuma a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, akwai wani saiti, Restore on AC Power Loss, wanda in yana kan Power On ko Last State, da wuta ta dawo kwamfutar za ta tashi da kanta. Sai mutum ya rantse aljanu ne. Ka mayar da shi Power Off na 'yan kwanaki: in yanzu ta mutu ta zauna a kashe maimakon ta sake tashi, ka samu babbar alama cewa daga waje ake yanke mata.

Ga abin da za ka yi. Da farko cire kwamfutar daga dogon soket mai baki da yawa, ka sa ta a bango kai tsaye. Ɗauki soket ɗin ka duba bakinsa, ka shinshina. In ka ga robar ta yi ruwan ƙasa ko filogi na rawa a ciki, jefar da shi, kada ka ba ƙaninka. Waɗannan na kasuwa masu araha wayar cikinsu kamar gashi take. Na biyu, in kana da mitar awon wuta kuma ka iya riƙe ta, auna soket da rana, ka sake aunawa bayan magariba lokacin da unguwa ta cika da kunne-kunne. In ba ka iya ba, kira mai aikin wuta, wannan ba wurin koyo ba ne. Na uku, karanta takardar da ke jikin akwatin wutar. Masu kyau an rubuta 100 zuwa 240, suna haƙuri da wuta in ta yi ƙasa. Masu araha da yawa 200 zuwa 240 ne kawai, da ta sauko 180 sun ajiye aiki.

Gwaji mafi sauƙi kuwa shi ne ka kai ta wata unguwa. Ka ɗora ta a babur zuwa gidan aboki a Rumde Ajiya ko Pumpumre, ku yi awa biyu kuna wasa. In can ba ta mutu ba, ka bar cikin akwati ya huta, matsalar tana gidanku.

Sai maganar UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, wadda muke ce wa onduleur. Mutane na saye su zauna da murna, alhali sau da yawa ita ce ke kashe kwamfutar. Lambar da ke jikinta VA ce, ba wat ba. Mai 650 VA abin da take iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 400 ba, ta ofis ce. Kwamfutar gem da allonta suna iya wuce haka in wasa ya yi zafi, sai ta yi ƙara ta yanke. Batirinta ma zafin garin nan na cinye shi da wuri, ya zama suna kawai ya rage. Sannan masu araha ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta bango, wasu akwatunan wuta na zamani kuwa ba sa jituwa da ita, da an koma batir sai su mutu. Don haka gwada ba tare da ita ba. In da hali, mai 1500 VA da aka rubuta pure sine wave ita ce daidai. In matsalar hawa da sauka ce kawai, na'urar daidaita wuta, wadda ake ce wa régulateur, tana taimakawa, amma ba ta tare ƙiftawa.

Mai janareta kuma ya kiyaye haɗa kwamfuta da firij ko injin jan ruwa a kan ƙarami. Duk lokacin da suka tashi sai sun fizge wutar.

Mataki na 4: Zafi da ƙura

Sauke HWiNFO64, kyauta ne. Buɗe shi a sashen Sensors, ka kunna ajiye bayanai a fayil, domin in ta mutu ba za ka samu damar duba allo ba. Bayan ta tashi sai ka buɗe fayil ɗin ka ga layin ƙarshe. Yi wasa yadda ka saba. Furosesar Intel iyakarta galibi digiri 100 ne, Ryzen kuma 90 ko 95 gwargwadon iri. Katin hoto da ke zaune tsakanin 70 da 83 lafiyarsa lau. In ya haura 90 akwai magana. Ka tuna duk lissafin da kake gani a YouTube a ɗaki mai sanyin digiri 22 aka yi shi. Ɗakinka na kwano a watan Maris ya kusa ninka haka, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara sai na'urar ta ƙara kusan irinsa.

Gwajin talaka: cire murfin gefe, ka saita fankar tsaye tana hura cikin. In da tana mutuwa a minti ashirin yanzu ta yi awa biyu, zafi ne.

Sharar kuwa ga yadda ake yi. Kashe, zare filogi, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga ke tartsatsi. Fitar da ita tsakar gida. Yi amfani da abin hura iska da burushin fenti mai laushi, kuma ka riƙe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta da gudu. Ƙurar hazo ba a saman fanka take zama ba, tsakanin siraran ƙarafan da ke bayanta take shiga ta dunƙule kamar bargo. Haska tocila: in haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. Da na buɗe ta ɗan yayata, abin da na zaro daga katin hoton da tsinken sakace ya kai a yi lagwani da shi, har da fiffiken ƙwaro.

In an shekara biyu ko uku ba a canza man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta ba, canza shi. Goge tsohon da barasar kemis mai digiri 90 da ƙyalle mai tsabta, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori a giciye, kaɗan-kaɗan. Ban da man goge baki, ban da girisin babur. Duka biyun na gani da idona. Duba kuma ko an manta da ledar da ke manne a ƙasan sabon abin sanyaya. Mai na'urar sanyaya ta ruwa ya duba gudun famfonta a BIOS, in sifili ne mai yiwuwa famfon ya mutu.

Kuma a ɗaga kwamfuta daga ƙasa. Akwatin wuta da yawa daga ƙasa suke shaƙar iska, in ka dasa ta a kan darduma ka toshe mata hanci.

Mun share tasa tas, katin ya sauko daga 88 zuwa 74. Ya yi murna, ya zauna ya ɗauki Kamaru. Minti ashirin da biyar, ɗif.

Mataki na 5: Akwatin wuta

Shi ne wanda ake yi wa rowa. Mutum zai zuba duk abin da ya tara a katin hoto, in an zo akwatin wuta ya ce a sa duk wanda aka samu. Babbar lambar da ke jikin kwali ba ita za ka duba ba. Duba takardar da ke manne a jikinsa, ka nemo layin +12V, domin furosesa da katin hoto daga nan suke sha. Ninka amfiya ɗin da 12. Na yaron nan an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, amma layin +12V amfiya 20 ne, wato wat 240. Katinsa RX 580 ne, shi kaɗai yana cin wajen wat 185, furosesarsa 65. Ka yi lissafin da kanka. Ƙari a kan haka, masu araha a sanyin digiri 25 ake auna ƙarfinsu, a zafinmu ba sa kawo abin da aka rubuta.

Don ka samu ma'auni: GTX 1660 Super na cin wat 125, ana so a ba shi akwati mai 450. RTX 3060 na cin 170, ana so 550. RTX 3070 na cin 220, ana so 650. RTX 3080 na cin 320, ana so 750. Tazarar ba almubazzaranci ba ce, katunan nan suna yin wata irin fizga ta ƙiftawar ido da ta zarce lambar da aka rubuta nesa, ita ce ke sa akwatin ya tsorata ya yanke.

Kafin ka yanke masa hukunci, tura kowane filogi ya zauna har ka ji ƙas: babba mai ƙafa 24, na furosesa mai ƙafa 8 da ke can sama, da na katin hoto. Zare su ka duba ko akwai wanda ya yi baƙi ko ya narke. In katinka baki biyu ne, ba shi waya biyu daban-daban daga akwatin, kada ka yi amfani da waya ɗaya mai reshe. Ƴan wayoyin nan da ke mayar da filogin SATA, wato na faifan ajiya, zuwa na katin hoto kuwa, gobara ce ke jiran rana.

Sai gwajin da ba ya cin ko sisi. Sauke manhajar MSI Afterburner, rage Power Limit, wato iyakar wutar da katin hoto ke ja, da kashi 30 cikin ɗari, ka yi wasa. In mutuwar ta tsaya alhali zafi na daidai, akwatin wuta ya gaza. Kana iya tabbatarwa da manhajar gwaji ta OCCT: gwada furosesa ita kaɗai minti goma sha biyar, katin hoto shi kaɗai minti goma sha biyar, sannan gwajin Power da ke ɗora su tare. Wadda ta ci biyun farko ta faɗi a na uku ta gaya maka komai. Layin +12V a HWiNFO64 bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ba, ko da yake awon da manhaja ke yi ba a cika dogara da shi ɗari bisa ɗari ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce ka ari mai kyau wajen aboki na yini ɗaya. In irin mai wayoyin cirewa ne, ari shi da wayoyinsa, domin ko bakinsu ya yi kama, jerin cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma kuskure a nan yana ƙone faifai da kati.

Kada ka kwance akwatin wuta. Akwai abubuwan da ke riƙe wuta mai kisa a ciki ko bayan an zare filogi.

Mataki na 6: RAM, direba da BIOS

In wuta da zafi sun kuɓuta, ko kuma BugcheckCode ya ba ka lamba, sai ka zo nan. Shiga BIOS ka mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, ka kashe XMP ko EXPO, wato saitin da ke ƙara wa RAM gudu, duk wani ƙarin gudu da tsohon mai ita ya yi ya tafi. Kayan hannu da ake kawo mana daga Duwala ko Mubi ba ka san abin da aka yi musu a baya ba. Zare RAM, goge ƙafafun da abin goge fensir a hankali, mayar da ɗaya kaɗai ka yi wasa, sannan ɗayan. In biyu ne a babban allon cikin akwati (motherboard) mai rami huɗu, galibi rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su. Sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filasha ka bar shi ya kwana yana aiki, daren da kake sa ran wuta za ta zauna. Kuskure ko ɗaya ne, ba a yafe shi.

Direban katin hoto kuma, cire shi da DDU, manhajar goge direban katin hoto, a cikin Safe Mode na Windows, ka sauko da sabo daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye. Manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi a danna ɗaya, ka rabu da su.

Mai furosesar Intel ta ƙarni na 13 ko 14, musamman i7 da i9, yana da magana ta daban. Intel da kanta ta amince a 2024 cewa wasunsu na karɓar wuta fiye da ƙima har su lalace, ta kuma fitar da gyara ta hanyar sabon BIOS. Gyaran na hana lalacewa, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Sabunta BIOS dai kada ka kuskura ka yi shi a kan wutar gari tsirara, in aka ɗauke a tsakiya babban allon na iya zama gawa. Nemi UPS mai lafiyayyen batir ko gidan da ke da sola.

Ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa: maɓallin Reset na gaban akwati yana iya maƙalewa saboda ƙura, zare 'yar wayarsa daga babban allo ka gani, agogo kuma in yana komawa baya duk safiya, canza ɗan batirin CR2032 da ke kan babban allo. In duk wannan bai yi ba, saura babban allon ko katin kansa, kuma hanyar rarrabewa ita ce a sa katin a wata kwamfutar.

Ta ɗan yayata ba mu kai nan ba. Da muka rage wa katin wuta ta yi awa uku ba ta tari ba. Na ciro akwatin wuta mai 650 daga tawa na ɗaura masa, muka mayar da katin cikakken ƙarfinsa, ya buga har aka kira isha'i. Ya tambayi kuɗin sabo, na faɗa masa, ya yi shiru yana kallon rufi.

"Kawu, in na bar shi a ragen nan fa, har a biya ni kuɗin albasa?"

Na ce ya bar shi a rage, ya sauke ingancin hoto zuwa matsakaici, ya ɗora ta a kan benci, kuma kada ya bar ta a kunne in zai fita. Ya yi sati biyar a haka. Da ya kawo sabon, kafin mu yage ledar sai da ya juya kwalin ya nemo layin +12V, ya ninka a wayarsa, ya miƙo mini in gani.